Ciwon Kumburin Hanji: Idan Maganin Farko Bai Karɓe Ki Ba

 Wadda ke kan turmi ta ɗan jingine taɓarya, mai ɗinkin hula kuwa ta ci gaba da abinta, hankalinku kawai nake so.

Kwanakin baya wata 'yar uwarmu ta aiko mana da saƙo ta hannun ƙanenta, ta roƙi a sakaya sunanta da na garinsu. Shekarunta 26, 'ya'yanta biyu. Ta kusa shekara tana fama da gudawa mai jini da majina, ana ta yi mata maganin atini da na basir. Da abin ya ƙi ci ya ƙi cinyewa sai aka kai ta babban asibiti, aka leƙa hanjinta da na'ura, aka ce ciwon kumburin hanji ne. Ta ce ran nan har daɗi ta ji, don a ganinta ciwon da aka gane sunansa an kusa rabuwa da shi. Aka rubuta magani mai tsada, maigida ya daure ya saya. To, yau sati shida ke nan tana sha ba fashi, amma har yanzu sai ta zagaya sau biyar sau shida a yini, dare kuma ba barci. Ba ma ciwon ne ya fi damunta ba. Nauyi take ji ta dubi maigida ta ce kuɗinsa bai yi aiki ba, ga surukarta ta fara cewa wannan ba ciwon asibiti ba ne. Shi ne take tambaya, ta haƙura ta daina?

'Yar uwa, kada ki daina, kada kuma ki yi shiru. Ki koma wajen likitan da ya rubuta miki, tun kafin ranar da ya ɗibar miki ta zo. A wannan ciwo ba baƙon abu ba ne maganin farko ya ƙi karɓar mutum. Likitocin hanji sun san da haka, suna kuma da abin yi na biyu da na uku da na huɗu. Amma ba za su taka matakin gaba ba sai sun ji daga bakinki cewa na farkon bai yi ba.

Bari mu fara da shi kansa ciwon, don da yawa daga cikinmu ba mu taɓa jin sa ba. A katin asibiti za ki ga an rubuta haruffa uku, IBD. Ba olsa ba ce, ba basir ba ne, ba kuma atini ba ne, ko da yake yana kama da su. Kowane mutum yana da garkuwar jiki, wato sojojin da ke yaƙar ƙwayoyin cuta. A wannan ciwo sojojin ne ke rikicewa, su juya su dinga kai wa bangon hanji hari, ya kumbura, ya yi gyambo, ya dinga zubar da jini. Ba a ɗaukarsa a kwano ko a buta ko a ban ɗaki, saboda haka babu dalilin ware miki kwanon abinci ko hana ki girki. Ba kuma wani abu kika ci ya jawo miki ba.

Iri biyu ne manya. Akwai wanda ake kira kolaitis mai gyambo, shi a babban hanji kaɗai yake zama, yana farawa daga dab da dubura ya yi sama. Alamarsa jini da majina, da matsuwar da ba ta jira, da yawan jin kamar ba a gama ba. Ɗayan kuma shi ne ciwon Crohn, ana furta shi Kuron, sunan wani likita ne na birnin Niyok a Amurka wanda shi da abokan aikinsa biyu suka yi bayaninsa a 1932. Shi wannan yana iya kama ko'ina daga baki har dubura, amma ya fi son ƙarshen ƙaramin hanji, wajen mara ta hannun dama. Yana sa murɗar ciki da rama, wani lokaci da ƙurji ko 'yar ƙofa mai fitar da mugunya kusa da dubura. Dukansu biyu suna tashi su kwanta. Abin da magani ke yi shi ne ya kwantar da ciwon, sannan ya hana shi tashi, kuma mutane da dama suna shekaru lafiya lau suna harkokinsu. Ki tabbata kin san wanne ne naki a cikin biyun, don maganinsu ba ɗaya ba ne ta ko'ina. Misali, mesalazin da ake fara ba mai kolaitis ba ya yin wani abin kirki ga mafi yawan masu Kuron.

To, me ke sa magani ya ƙi aiki?

Wani lokaci ba ƙi ya yi ba, lokacinsa ne bai yi ba. Mun saba da maganin zazzaɓin cizon sauro, kwana uku an miƙe. Waɗannan ba haka suke ba. Mesalazin yakan ɗauki sati biyu zuwa huɗu kafin a fara ganin sauƙi, cikakken aikinsa kuma ya kai wajen sati takwas. Azatiyofirin ya fi shi nawa, sai ya yi wata biyu ko uku, har fiye, kafin ya kama. Saboda haka duk maganin da aka ba ki, ki tambaya tun a ranar: likita, nan da yaushe ya kamata in ga canji, in ban gani ba kuma yaushe zan dawo? Amma sati shida ana zubar da jini ba wani sauƙi, kamar yadda mai saƙonmu ta faɗa, wannan ya wuce a ce a ƙara haƙuri.

Wani lokacin kuma maganin ne ba ya isa inda ciwon yake. A nan zan ɗan tsaya, don na san halinmu. Idan gyambon yana can ƙasa dab da dubura, ƙwayar da kika haɗiya ta baki tafiya ce mai nisa a gabanta, kafin ta isa ƙarfinta ya ragu. Shi ya sa likita kan haɗa miki da na cusawa ta dubura, ko na ruwa da ake ɗurawa da dare. An tabbatar cewa haɗa na baki da na ƙasa ya fi na baki shi kaɗai aiki, kuma ga wadda ciwonta bai wuce bakin dubura ba, na cusawar ma ya fi na sha. Amma sai mace ta karɓo, ta duba, ta ce ita kam wannan ba da ita ba, ta tura ƙarƙashin katifa. Ta koma asibiti likita ya tambaya, ta ce tana yin komai. Shi kuma sai ya ɗauka maganin ne ya gaza, ya haura da ita zuwa mai ƙarfi da tsada wanda da ma ba ta buƙata. Haba uwargida! Mu da muka haihu, unguwar zoma ta ga komai namu? Ki bari sai kin gama zagayenki na dare, ki wanke hannu, ki kwanta ta gefen hagu ki sa, ki yi barcinki. In kin kasa riƙe shi saboda zafi ko matsuwa, wannan ma magana ce ta gaya wa likita, akwai dabara.

Haka nan tsallake magani saboda tsada. Na san wadda aka ce ta sha kullum, ita kuma ta mai da shi yau a sha gobe a huta don ya kai ƙarshen wata. Ba na ganin laifinta, amma rabin magani ba ya ba da rabin lafiya a nan, ciwon ne kawai ke samun sarari. Gara ki fito fili ki ce ba za ku iya saye ba. Akwai tsohon magani mai suna salfasalazin, wanda wata likita mace 'yar ƙasar Suwidin, Nanna Svartz, ta samar wajen 1940, har yau ana amfani da shi kuma ya fi mesalazin araha. Yakan mai da fitsari ruwan ɗorawa, kada ki tsorata. Sai dai in kin san Septrin ko Fansidar sun taɓa sa miki ƙuraje ko ƙaiƙayi, ki faɗa kafin a rubuta miki, don danginsu ɗaya.

Sai kuma abin da muke sha da kanmu. Ciwon nan yakan zo da ciwon gaɓoɓi da na baya, sai a aiki yaro kemis ya sayo diklofenak ko ibufurofen ko Feldene. Waɗannan suna iya tayar da ciwon hanjin, su rushe abin da maganin asibiti ke ginawa. In ciwon jiki ya dame ki, farasitamol ya fi miki aminci. Maganin tsayar da gudawa irin su Imodium ma kada ki sha alhali kina zubar da jini ko kina zazzaɓi, yana iya sa hanji ya tsaya cik ya kumbura, abin ya zama na tiyata cikin gaggawa. Su kuma jiƙe-jiƙen basir da na wankin ciki da ake tallarsu da lasifika a bakin kasuwa, wasunsu da ganyen filasko ake haɗa su, aikinsa kuwa sa gudawa ne. Ki duba fa, hanjin da ke da gyambo a ƙara masa abin wanke ciki. Ban ce ki yi faɗa da surukarki ba, don ƙauna ce ta sa ta kawo. Ki karɓa da ladabi, ki ce likita ya hana haɗawa sai an tambaye shi, ki kuma tafi masa da shi ya gani.

Akwai dalilin da ya fi waɗannan nauyi, shi ne wata cuta ta hau kan ciwon, ko kuma tun farko ba shi ba ne. A ƙasashenmu wannan babbar magana ce. Ƙwayar atini tana yi wa babban hanji gyambo mai kama da kolaitis. Ita ma tsargiya akwai irin da ke kama hanji. Akwai kuma wata ƙwaya da kan taso bayan an sha magungunan kashe ƙwayoyin cuta barkatai, ta sa gudawa mai tsanani. Sannan tarin fuka, wato tibi, ba a huhu kaɗai yake zama ba, yana kama hanji, a daidai wurin da Kuron ya fi so, har ƙwararrun likitoci kan sha wuya wajen bambance su. Shi ya sa inda aka yi shakka wani lokaci akan fara da maganin tibi na wata biyu ko uku a ga yadda jiki zai amsa. Saboda haka in kin koma aka ce a sake gwajin bayan gida, a ɗauki hoton ƙirji, ko a sake leƙa hanji a ɗebo ɗan nama kamar ƙwayar gero a duba, kada maigida ya ɗauka neman kuɗi ne. In akwai wanda ya taɓa yin doguwar jinyar tari a gidanku ko gidan iyayenki, ki faɗa ko ba a tambaye ki ba.

Dalilin wannan taka-tsantsan shi ne, magungunan da ke gaba duk rage ƙarfin garkuwar jiki suke yi. Na farkonsu firedinisolon. Shi kam yana da saurin aiki, cikin kwanaki ake jin sauƙi, in kuma an yi sati biyu ba labari to likita na buƙatar ya sani. Amma na kashe gobara ne, ba na zama da shi ba. Akan fara da yawa a dinga ragewa a hankali har wajen sati takwas. In aka daɗe a kansa yana kumbura fuska, ya hana barci, ya hau da sukari da hawan jini, ya raunana ƙashi. Dangi ɗaya ne da ƙwayoyin da wasu mata ke sha don su yi ƙiba, kin kuwa ga yadda masu shan su ke ƙarewa. Abu biyu nake roƙonki a kansa. Kada ki yanke shi rana ɗaya don kin ga fuskarki ta cika, yankewa farat ɗaya na iya kayar da mutum. Kada kuma ki dinga sayensa da kanki duk lokacin da ciwo ya motsa don kin ga ya taɓa yi miki daɗi. In da an rage shi sai ciwon ya dawo, wannan alama ce ta cewa lokacin matakin gaba ya yi.

Matakin gaban shi ne irin su azatiyofirin, wanda ake sha ana gwada jini a kai a kai don a duba hanta da fararen ƙwayoyin jini. Bayansa akwai allurai na zamani. Infiliksimab, wanda aka fara amincewa da shi don ciwon Kuron a Amurka a 1998, ta ƙarin ruwa ake ba da shi: na farko, sai bayan sati biyu, sai a sati na shida, daga nan duk sati takwas. Adalimumab kuma allura ce ta ƙarƙashin fata duk sati biyu. An sami wasu bayansu, kamar bedolizumab a 2014, har da ƙwayoyin sha masu ƙarfi da suka fito daga 2018 zuwa yau. Ba zan ɓoye miki ba, suna da tsada ƙwarai, kuma su ma wani ya karɓi wannan ya ƙi wancan. Kafin a fara su dole a gwada ki tibi da ciwon hanta nau'in B, don suna iya tayar da wanda ke kwance. Irin wannan aiki na likitan ciki da hanji ne, waɗanda ake samu a asibitocin koyarwa irin na Malam Aminu Kano, da na Shika a Zariya, da na Sakkwato, Maiduguri da Jos. In a ƙaramin asibiti ake duba ki, ki nemi a ba ki takardar turawa. In maigida yana da inshorar lafiya ta wurin aiki, ya bincika abin da ta ɗauke.

Tiyata ma tana cikin magani. Mai kolaitis da ya gagari komai akan cire babban hanjin, ciwon hanjin ya ƙare ke nan. Mai Kuron akan yanke inda ya toshe ko ya lalace, ko da yake shi yana iya dawowa. Ba kowa ke kaiwa nan ba, na faɗa ne don in kin ji an ambata kada ki ɗauka sallama ake yi da ke.

Yanzu ga abin da nake so ki riƙe ko kin manta sauran. In kina zagayawa da jini sau shida ko fiye a yini, ga zazzaɓi, ko zuciya na bugawa da sauri, ko jiri in kin miƙe, wannan ba na jiran ranar asibiti ba ne, a ranar za a kai ki a kwantar. Haka in ciki ya kumbura ya yi tauri, ko amai ya ƙi tsayawa, ko bayan gida da tusa sun ɗauke gaba ɗaya ga murɗa. Haka in ƙafa ɗaya ta kumbura tana zafi ko numfashi ya yi wuya, don ciwon yana sa jini ya daskare a jijiya. Mu da ba ma fita sai da izini, ya kamata a yi wannan magana da maigida tun ana zaune lafiya: in haka ta faru ba ya gida, wa zai kai ki, da wace mota, kuɗin yana ina? A yanke wannan yau, kada sai cikin dare yana kan hanya waya ba ta shiga.

Maganar maigida kuwa, shawarata ki roƙe shi ya shiga ɗakin likita tare da ke ko sau ɗaya. Abin da za ki yi wata kina bayani bai gamsu ba, in ya ji daga bakin likita sai ya zauna. Kuma kada ki je hannu rabbana. Ki sami ɗan littafin makaranta, kullum ki ja layi ɗaya duk zagaye, ki yi wa mai jini alama, ki ware na dare daban. In rubutu na ba ki wuya, 'yarki ko ƙanwarki ta rubuta, ko ki dinga jefa tsakuwa a gwangwani a ƙirga da safe. Mun saba in an ce yaya jiki mu ce da sauƙi, ko muna mutuwa. A ɗakin likita wannan gaisuwar cutar da ke take yi. Ki ce sau bakwai jiya, huɗu da jini, na tashi sau uku da dare. Ki tafi da kwalayen duk abin da kike sha, har na kemis da na gargajiya.

Abinci fa? Babu abincin da ke warkar da shi, kuma na fi jin tsoron wadda ta daina cin komai sai koko har ta zama ƙashi da rai. Lokacin da ciwon ya tashi ki ci kaɗan-kaɗan sau da yawa: kunu, tuwon shinkafa mai laushi da miyar kuka ko kuɓewa ba yaji sosai, farfesun kaza ko kifi, dafaffen ƙwai, ayaba, dankali. Nono da kindirmo ki gwada kaɗan, in bai dame ki ba ki ci gaba. In an ce hanjinki ya tsuke a wani wuri, ki yi nesa da aya, gyaɗa, gasasshiyar masara da kwaɗon ganye mai tauri. Ruwa kuwa ki yawaita, ki ajiye ruwan gishiri da sukari na leda, in babu ki haɗa ƙaramin cokali shida na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri a lita ɗaya ta tsabtataccen ruwa. Gajiyar da ake yi miki gorinta a tsakar gida, sau da yawa ƙarancin jini ne. A gwada, in ƙwayar ƙarin jini na tayar miki da ciki akwai wadda ake yi ta jijiya. Azumi kuma, in ya zo ciwon na tashe, ki ji ta bakin likita da malaminki kafin ki ɗauka.

Mai saƙonmu ta kuma yi tambaya a kan haihuwa. Mata masu wannan ciwo suna ɗaukar ciki su haihu lafiya, amma an fi so cikin ya shiga lokacin da ciwon ke kwance. Kada ki zubar da magani don kin ga wata ya wuce, mafi yawansu ana ci gaba da su da ciki da shayarwa, kuma tashin ciwon ya fi su haɗari ga jariri. Wanda ba ya haɗuwa da ciki sam shi ne metotireket, wasu daga cikin sababbin ƙwayoyin ma haka, don haka ki faɗa wa likita tun kafin ki yi niyya. In kuma an yi miki allurar infiliksimab ko adalimumab da tsohon ciki, ki sanar da masu riga-kafi kafin a yi wa jaririn allurar BCG da ɗigon baki na shan inna, don akan jinkirta su wasu watanni.

Saura abin da ba a rubuta masa magani. Gida mai ban ɗaki ɗaya, ga abokiyar zama, ga yara, ga baƙi, ke kuma matsuwa ba ta jira. Na sani. Ki ajiye fo mai murfi a ɗaki saboda dare, da zani na canji kusa. In akwai fahimta tsakaninki da abokiyar zamanki, ki faɗa mata gaskiya ta karɓe miki girki ranar da jiki ya ƙi, ki rama in kin miƙe. Ki kuma zaɓi mutum ɗaya, yayarki ko mahaifiyarki ko aminiya, wadda za ki iya yi wa kuka ba tare da ta kai gaba ba. In kin ga baƙin ciki ya zaune miki, ba kya son magana, ba kya son ganin 'ya'yanki ma, ki sa wannan a cikin ɗan littafin nan, likita ya ji shi tare da sauran.

Ke kuma da kika aiko da saƙo, ki ba maigida wannan bayani ya karanta ko a karanta masa, ku koma a cikin satin nan. In kin dawo ki sake aiko ƙanen naki mu ji abin da aka ce. Allah ya ba ki lafiya, ya ba sauran marasa lafiyarmu na gida da na asibiti. Sai mun sake saduwa, a gai da yara.